Ganuwar Bilkisu a kurmin Epe

Shekara goma sha ɗaya ina jan tifa a Legas, ina kai jar ƙasa wuraren ciko a Ajah da Ibeju-Lekki, amma sai ranar Lahadin da ta wuce na ga Eredo, tsohuwar ganuwar ƙasar Ijebu da ke kurmin Epe, da idona. Yaron motata, Bayarabe ɗan Epe, shi ya matsa min: "Oga, kullum kana cika baki da badalar Kano, zo ka ga tamu."

Kuskurena na farko, silifa na sa, ga damina. Na biyu, na zata bango zan tarar a tsaye. Muna bin wata 'yar hanya cikin kurmi, kwatsam sai ƙasa ta tsage a gabanmu. Muka gangara, ni da ɗuwawu. Gefen ramin a miƙe yake kamar an yanka da wuƙa, gansakuka ta rufe shi kore shar, ga sanyi kamar cikin rijiya. Ƙasar da aka haƙo ita aka tara ta zama ganuwa, a wasu wuraren daga gindin rami zuwa kan tudu ya kai mita 20. Tsawonsa kusan kilomita 160, ya kewaye tsohuwar ƙasar Ijebu, yau wani yanki a jihar Ogun, wani a Legas. Na fara lissafin lodi nawa ke nan a tifa, kaina ya ɗau zafi. Da hannu fa aka yi.

Mutanen wurin sun ce wata attajira da ba ta haihu ba, Bilikisu Sungbo, ita ta sa aka haƙa don a riƙa tunawa da ita. Kabarinta na Oke-Eri, har wasu na cewa ita ce Bilkisu ta zamanin Annabi Sulaimanu. Nan kam na yi shiru, zamanin ramin da na Annabi Sulaimanu sun yi hannun riga.

Tun 1995 Najeriya ta sa wurin a jerin waɗanda take nema wa shiga gadon duniya na UNESCO, har yau yana layi. Ni dai abin da na gani, kurmi ne ke gadinsa. Inda titi ko gona suka ratsa, ramin ya cike, tudun ya kwanta.

Kuma ƙasar nan irin wadda nake lodawa ce sak. Ina yaro a Kano na ga ana yankar badala ana buga tubali, ni ma na sha ɗaukar kwano. Ranar Litinin, kafin a loda min, na tambayi mai wurin da nake lodi daga ina ake haƙo ƙasar. Ya dube ni kamar na zare, ya ce in matsa da mota, akwai layi.