Mita biyu na waya sun cinye min yini guda

Laraba, da dare.

Kwana huɗu ke nan sabon murhun yana jingine a lungun kicin, ina wucewa ina kallonsa kamar baƙon da aka rasa inda za a sauke. Murhun lantarki ne irin na maganaɗisu, wanda ake kira indakshan, mai ido huɗu da fuskar baƙin gilashi. Ranar Asabar da na buɗe kwalin na tarar babu waya a jikinsa. Na zazzage kwalin kaf, na ɗauka mantuwa aka yi. Ashe haka wasu kamfanonin suke sayar da shi. Ɗan akwati ne kawai a ƙarƙashinsa mai sukurori, kai za ka nemo wayar da ta dace da wutar gidanka.

Yau da safe Yaya ya zo, shi da wayarin ne sana'arsa shekara da shekaru. Ni kuwa na riga na tanadar masa abin da nake ganin zai yaba min: wata farar waya da ta rage tun lokacin da aka saka mana na'urar sanyaya ɗaki. Sabuwa fil, ko ƙura ba ta hau ta ba. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya kai ta bakin taga ya ce, "Auta, zo ki karanta min abin da ke jikinta." Sai a lokacin na lura akwai rubutu a jikin waya, ƙanana-ƙanana, suna maimaita kansu har ƙarshe. H05VV-F 3G2.5.

Ya warware min su ɗaya bayan ɗaya. H na nufin an yi ta bisa ma'aunin bai-ɗaya na ƙasashen Turai. 05 na nufin tana ɗaukar bolt 300 zuwa 500. V biyun nan robar PVC ce, ta ciki da ta waje. F na nufin siraran zare ne a ciki, tana lanƙwasuwa. 3G kuma ƙafa uku ke nan, ɗaya daga ciki ta ƙasa ce, wato ta kariya wadda ke zubar da wutar da ta kauce cikin ƙasa, mai kore da rawaya. Lambar ƙarshe ita ce kaurin jan ƙarfen, da murabba'in milimita ake auna shi. Sannan ya juya murhun ya nuna min takardar da ke manne a bayansa: kilowat 7.4. Ya ce in raba 7,400 da 230. Na danna a wayar salula, ya ba ni 32 da 'yan kai. "To, amfiya 32 ke nan, wato yawan wutar da za ta bi wayar, idan kin kunna ido huɗun gaba ɗaya. Wannan taki mai 2.5 iyakarta 25. Ta faɗi tun a nan, ba mu ma zo maganar zafi ba."

Nan na yi masa gardama, don na ɗan karanta yadda murhun yake aiki. Nannaɗaɗɗen jan ƙarfe ne a ƙarƙashin gilashin, wuta tana kai-kawo a cikinsa sau dubbai a daƙiƙa guda, maganaɗisun da take haifarwa ne yake ɗumama gindin tukunya kai tsaye. Babu harshen wuta, babu ƙarfen da ke yin ja. Na ce, Yaya, murhun da ake ɗora hannu a gefensa yana aiki, mene ne na nema masa waya mai jure zafi?

Ya yi dariya ya ce ba a nan gizo yake saƙa ba. Ya jawo durowa ya nuna min ramin da wayar za ta zauna. Obin yana ƙasa, bayansa yana tiriri duk lokacin da ake gashi. Murhun kansa akwai fanka a cikinsa, aikinta ta kwashe zafin kayan cikinsa ta huro shi nan ƙasa. Ga zafin da wayar take haifarwa da kanta, wanda idan wutar da ke bi ta ninka biyu shi ninkawa huɗu yake yi. Duk a cikin kabad ɗin da iska ba ta wadace shi ba. PVC ta gama-gari ba ta son wuce digiri 70, wasu ma 60 suke rubuta mata. Kuma ba kamawa take yi da wuta rana ɗaya ba, da ma an gane da wuri. Bushewa take yi a hankali, ta taurare, ta tsattsage bayan shekaru, a wurin da ba mai leƙawa.

Littafin bayanin murhun, wanda ban buɗe ba sai yau, ya faɗi abin ƙarara: H05V2V2-F, ƙafa uku, murabba'in milimita 4, ga gidan da wutarsa layi ɗaya ce. Wannan 2 ɗin da ke bin V ita ce duk bambancin, PVC ce da aka yi ta jure digiri 90. Yaya ya duba wayar da ke cikin bango ya ga mai 6 ce, bireka, wato makashin da ke katse wuta idan ta yi yawa, ta amfiya 32 ce, ya ce nan babu matsala. Ya rubuta min lambar a takarda ya tafi wani aikin, da alkawarin dawowa da yamma.

Shagon farko, yaron da ke ciki ko kallon takardar bai yi ba. Ya jawo wani nadi ya ce, "Anti, wannan ita kowa yake sa wa murhun lantarki." Na nemi rubutu a jikinta ban samu ba, ko harafi ɗaya. Na ɗaga ta, na ji ta sakayau. Yaya ya riga ya gargaɗe ni kan alminiyam da ake shafa wa ruwan jan ƙarfe, don haka na roƙi yaron ya kankare zare ɗaya da wuƙa. Ya kankare, farin ciki ya fito fes. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, nauyinsa kuma bai kai sulusi ba, shi ya sa hannu yake ganewa kafin ido. Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da aka ba shi yake sayarwa. Na yi masa sallama.

Shago na biyu suna da ainihin lambar, amma kaurinta ya tsaya a 2.5. Na wuce.

A na uku ne na kusa yin ɓatan kai. Mai shagon ya kawo wata baƙar waya mai kauri, murabba'in milimita 6, robarta irin ta taya, ka riƙe ta ka ji ka riƙe abu. H07RN-F. Wallahi raina ya kwanta da ita, har na fara cewa a yanka. Allah Ya sa na kira Yaya. Ya ce waya ce ta ƙwarai, ba ta tsoron mai, ba ta tsoron ruwa, ana jan ta a ƙasa a wuraren gini ba ta komai, amma asalin ma'aunin zafinta digiri 60 ne. Akwai murhun da littafinsa ya yarda da ita, nawa bai ambace ta ba, ga kuma obin a ƙasa. Ya ce idan roba nake so, mai BB ko BN4 a sunanta ita ce ta digiri 90. Na tambaye shi ta silikon fa, wadda mai shagon ya ce tana kai 180? Ya ce tana kaiwa, amma rigarta laushi gare ta, bakin ƙarfe ko kaifin katako yana iya yanka ta, kuma zafin da ke bayan murhuna bai kai can ba. Kauri tambaya ɗaya ce, riga tambaya ce daban, ni kuma tun safe nake cakuɗa su.

Wani dattijo a shago na huɗu, mai sayar wa masu kwangila kaya, shi ya fitar da ni. Ya karanta takardar ya ce, "'Yata, wa ya rubuta miki wannan? Ya san aikinsa." Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ragowar nadi. Na bi rubutun da yatsa, H05V2V2-F 3G4, ga sunan kamfani, ga tambarin hukumar da ta gwada ta. Da kansa ya fere bakin ya kankare min, ja ciki ja waje. Ya ce in ina da haƙuri in ƙirga zaren, mai 4 yawanci 56 ne. Na ƙirga zuwa 30 na rikice, muka yi dariya. Na sa aka yanka mita biyu, don Yaya ya ce a bar rara yadda za a iya ɗaga murhun a duba ƙarƙashinsa ba tare da an ja waya ba.

Haɗawar ba ta kai minti arba'in ba. Ya kashe wuta daga bireka, ya gwada da mita ya tabbatar ta mutu. A cikin ɗan akwatin akwai 'yan gadoji na ƙarfe da ake haɗa sukurori da su, ya jera su yadda zanen ya nuna wa mai layi ɗaya. Kowace ƙafa ya sa mata 'yar hular ƙarfe ya matse da filaya, don kada sukuru ya tarwatsa zaren ya kama rabi ya bar rabi. Ruwan ƙasa a mai wuta, shuɗiya a nutural, kore da rawaya a ƙasa, ita ya bar ta fi sauran tsawo kaɗan, ko da an fizge wayar ita ce ƙarshen sakewa. Ya ce a duk murhun da ya taɓa buɗewa ya ga ƙuna, galibi a bakin sukurun da bai ɗauru ba take farawa. Ya ɗaure wayar a jikin katako nesa da bayan obin.

Muka cika tukwane da ruwa don gwaji. Biyu daga cikin huɗun da na ɗauko murhun ya ƙi su, sai ƙyafta ido yake yi. Na manna musu mayen ƙarfen da ke jikin firji, ya zame ya faɗi, alamar ba irin ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa ba ne, murhun kuwa sai da shi yake aiki. Wannan kuma wata hidimar ce ta gobe. Sauran biyun suka tafasa kafin in gama goge kantar kicin. Yaya ya zura hannu ta bayan durowa ya riƙe wayar, ya ce in zo in taɓa. Ɗumi kaɗan, kamar hannun mutum.

Guntun da ya rage mai rubutun lambar na manna shi da salatif a bangon littafin. Farar wayar ta koma sito inda na ɗauko ta.