Ƙarar da ta sa na cire lafiyayyen kwamfiresa daga motata

Har yanzu in na tuna kwamfiresan AC, wato injin da ke matsa gas don a samu sanyi, da aka cire daga motata sai raina ya sosu. Lafiyarsa ƙalau, sanyi yake bayarwa yadda ake so, kuma ni da bakina na ce a cire shi, saboda wata ƙara da ban tsaya na saurara da kyau ba.

Ƙarar ta fara ne a matsayin gurnani. Mota tana tsaye, inji yana silo, da na danna AC sai in ji "ƙas" ɗin da kowa ya sani, sai wani "gurrr" ya biyo baya daga gaban inji. In na kashe sai ya lafa. Na yi kwana uku ina kunnawa ina kashewa, na yanke hukunci: abin da ke ƙara in an kunna AC, ya yi shiru in an kashe, ai kwamfiresa ne. Da wannan hukuncin a baki na isa gareji, kuma nan ne kuskuren ya soma. Maimakon in ce ga abin da nake ji, sai na ce kwamfiresana ya fara lalacewa.

Yaron da ya tare ni ya ɗaga bonet, ya saurara abin da bai kai minti ɗaya ba, ya ce, "Gaskiyarka Maigida, ya fara tafiya. In ka bari ya ci kansa, ɓarɓashin ƙarfe zai bi bututu ya shiga kwandensa, ya toshe bawul, sai an canja komai." Maganar tasa gaskiya ce, haka kwamfiresa yake yi in ya farfashe daga ciki, shi ya sa ta tsorata ni. Ban tambaye shi yadda ya tabbatar ba. Aka kawo na hannu, aka ɗaura, aka zuba gas, aka karɓi nawa a matsayin ciko. Ban yi nisa ba na tsaya a danja, na danna AC, gurnanin nan ya dawo daram, ko sautinsa bai canja ba. Ban taɓa jin takaici irin na wannan lokacin a kan mota ba.

Bayan mako guda na kai ta wurin wani dattijon bakanike. Wannan karon na kama bakina, na ce, "Baba, ƙara nake ji, ban san daga inda take ba." Abu na farko da ya yi shi ne abin da ni ban yi ba a kwana ukun nan: ya kashe AC, ya kashe fanka da rediyo, ya ce in zo in sa kunne. Ashe ƙarar tana nan. Siririya ce, kamar ana jan yashi a kan ƙarfe, amma tana nan ko da AC a kashe. Daga cikin mota, gilashi a rufe, ba za ka taɓa jin ta ba.

Ya ɗauko dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a jikin kwamfiresa, ya kara mariƙin a kunne. Ya koma jikin altaneta. Da ya ɗora a kan ƙusar da ke riƙe da tenshina, abin nan mai sifirin da ke ɗame bel, sai ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, saurara." Kamar ana niƙa tsakuwa a cikin kunnena. Bai tsaya nan ba, ya yayyafa wa bel ɗin ruwa kaɗan inji yana aiki. Ya ce in bel ne ke zamewa ko ya karkace, ruwa yakan sauya kukan nan take, ko ya ƙaru ko ya ɗauke na ɗan lokaci. Ƙarar tawa ko gezau. Sai ya kashe inji, ya sassauta tenshina, ya zare bel, ya riƙa juya fuli, wato 'yan tayoyin da bel ke zagayawa a kansu, ɗaya bayan ɗaya da hannu. Na altaneta sumul. Na kwamfiresa sumul. Na tenshina kuwa yana juyawa yana ƙarar-ƙarar, in ka kama shi ka girgiza har rawa yake. Boris ɗinsa ya bushe ya cinye.

Duk wannan binciken bai kai rabin awa ba. Wannan ne yake ci mini rai. Bel ɗaya ne ke jan altaneta da kwamfiresa da sauransu, kuma da kulocin kwamfiresa ya kama, wato abin da ke yin "ƙas" ɗin nan ya sa kwamfiresa juyawa, nauyi yake ƙaruwa a kan bel ɗin baki ɗaya. Duk fulin da boris ɗinsa ya raunana, a lokacin zai ɗaga murya. AC bai haifar da ƙarar ba, fito da ita kawai yake yi. Garin neman gira na rasa ido: ɗan ƙaramin fuli ne ke ciwo, na sa aka cire abin da ya fi komai tsada a tsarin.

Tun daga nan na koyi raba ƙarar AC gida biyu kafin komai, ta gaban inji da ta cikin dasbod. Ta ciki gwajinta ba wuya. Murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka kunna fanka daga ɗaya zuwa ƙarshe. In ƙarar tana ƙaruwa da gudun fanka, to ba ruwan kwamfiresa, domin ko juyawa ba ya yi. Ganye ne ko takarda ta faɗa cikin fankar, ko ita fankar ce ta gaji. A motoci da yawa filtar iska tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, zaro ta ka gani. "Ƙas-ƙas-ƙas" a bayan dasbod lokacin da kake sauya zafi da sanyi ko inda iska za ta fito, yawanci ɗan injin da ke juya marfin iska ne haƙoransa na roba suka cinye. "Suuu" na ɗan lokaci bayan ka kashe mota ba matsala ba ce, gas ne ke daidaita tsakanin ɓangaren matsi mai yawa da mai ƙaranci. Amma in tana yi ba tsayawa kana tafiya, sanyi kuma ya ragu, ko kuloci yana kamawa yana saki duk bayan 'yan daƙiƙu, a duba yoyon gas. Wasu sababbin motoci ma ba sa yin "ƙas" ɗin sam, don kwamfiresansu ba ya kamawa ya saki irin na da.

Wanda zai yi gwajin sukudireba ya naɗe hannun riga, ya nisanci bel. Fankar lagireto tana iya tashi da kanta ba sanarwa, musamman AC yana kunne.

Asarar ba ta tsaya a kwamfiresa ba. Dattijon ya tambaye ni ko an zuƙe iskar cikin bututu da injin zuƙa kafin a zuba gas, ko an canja diraya mai tsotse danshi, ko an auna man kwamfiresa. Ko ɗaya ba a yi ba. Gas ɗin ma da ka aka zuba, ana taɓa bututu ana cewa ya yi sanyi. Ya nuna mini takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, an rubuta nau'in gas ɗin, R134a, da adadin giram ɗin da motar ke ɗauka. Shekara nawa ina buɗe bonet ɗin nan ban taɓa karanta ta ba. Gas in ya yi yawa shi ma yana wahalar da kwamfiresa har ya sa shi ƙara, kuma motocin da aka yi wa wani nau'in gas, R1234yf, ba a haɗa musu da R134a. Dole aka kwashe, aka sa sabuwar diraya, aka zuƙe iska, aka zuba bisa sikeli.

Gurnanin ya ɗauke tun ranar da aka canja tenshina. Na koma garejin farko neman tsohon kwamfiresana, aka ce an riga an ɗaura wa wata mota. Na hannun da ke jikin tawa yana aiki, amma in rana ta take kuma ina tsaye a cunkoso, sanyinsa ba ya kai na wancan.