Fitar da hayaƙin boilar gas ta tsohon bututun gida a Ingila

Tsofaffin gidajen Ingila da yawa suna da bututun hayaƙi na bulo da aka gina domin murhun kwal. Kada a yi gaggawar jona masa boila, wato na'urar da ke dumama ruwa da ɗakunan gida. Ya yi mata faɗi, hayaƙin zai huce kafin ya kai sama, ya zama ruwa a jikin bango.

Tun 2005 doka ta ce kusan duk sabuwar boilar gas a Ingila ta zama mai tatse zafin tururi. Hayaƙin irinta bai cika wuce zafin digiri 60 na Celsius ba, ruwan da take zubarwa kuma yana da tsami, sannu a hankali yake cinye simintin da ke tsakanin bulo. Da farko sai ka ga danshi da farin gishiri a bangon ɗakin sama. Bayan nan sai tsaga, ta nan kuma kabon monoksaid, iskar gas mai guba, ke shiga ɗaki, ba wari ba launi.

Maganin shi ne a share bututun, a zura masa wani na roba mai jure tsami, galibi mai faɗin milimita 80, daga boila har kan rufi. Inda ya kwanta, a karkata shi kamar digiri 3 wajen boilar domin ruwan ya gangaro. Tsawo da yawan gwiwa kuwa, abin da kamfanin da ya ƙera boilar ya rubuta shi za a bi, don kowace gwiwa tana rage tsawon da aka yarda.

Aikin na mai rajistar Gas Safe ne kaɗai, wato rajistar masu izinin yin aikin gas a ƙasar. A kafa na'urar ƙararrawar kabon monoksaid mita 1 zuwa 3 daga boilar.