An juya musu mahaifa ba da yardarsu ba

Idan aka ce cin zarafin mata, hankali kan tafi ga mijin da ke dukan matarsa. Ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka yi a asibiti, da sa hannun gwamnati.

A Peru, zamanin Shugaba Alberto Fujimori, tsakanin 1996 da 2000, an juya mahaifar mata sama da 270,000, wato an yi musu aikin hana haihuwa na dindindin. Da yawansu matalauta ne 'yan asalin ƙasar, mazauna tsaunukan Andis, masu magana da harshen Kechuwa. Takardar amincewa kuwa da Sifaniyanci aka rubuta ta. Don Allah, ta yaya mace za ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta iya karantawa, sannan a ce ta yarda? Wasu da alkawarin abinci aka ja su, wasu da barazana. Ɗaya daga cikinsu, María Mamérita Mestanza, uwar 'ya'ya bakwai, ta rasu a 1998, kwanaki kaɗan bayan aikin.

A Girinlan ma, tsibirin da ke ƙarƙashin ƙasar Danmak, daga shekarun 1960, hukumomin Danmak sun sa wa dubban matan Inuwit, 'yan asalin tsibirin, robar mahaifa ta hana ɗaukar ciki, har da 'yan mata masu shekara 13. Wasu ba su ma san tana jikinsu ba sai bayan sun shekara da shekaru suna neman haihuwa, ga ciwon mara, ga zubar jini. Wallahi ba na ganin laifin wadda ta ga an yi wa uwarta haka ta ƙi zuwa awon ciki. Firaministar Danmak ba ta nemi gafararsu ba sai a 2025.