Baffan Marayu

Bara da damina na gama rubuta fim ɗina na uku, rigimar gado a wani gida da ke Ƙofar Ƙaura. Alhaji ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya, ƙanensa ya ce sai an ba shi kasonsa, ya danne gona, uwargida ta kai ƙara. Can a ƙarshe takarda ta ɓullo daga ƙasan adaka, alƙali ya buga guduma, kowa ya fashe da kuka. Kwana tara na yi ina rubutawa, don hanya ce da finafinan Kannywood suka daɗe da sharewa.

Wanda zai fito a baffan ma ban yi dogon tunani ba. Akwai wani dattijo, tela ne a nan Katsina, ya fi shekara 15 yana fitowa a mugun baffa. Da an ga fuskarsa an san marayu sun shiga uku. Na kai masa labarin shago, ya karanta shafi huɗu ya ajiye a kan keken ɗinki.

"Yaro, ka taɓa zama a kotu?"

Na ce, "A'a Baba, sai dai a fim."

Ya ce in je in zauna tukuna. Ina shirin tashi ya ƙara da cewa ranar ɗaurin auren ɗiyarsa, a cikin taro, ya ji wani yana nuna shi yana cewa ga macin amanar marayu nan. Da murmushi ya faɗa, amma ni har na isa gida maganar tana ci na.

Mako uku na yi ina zuwa wata kotun shari'a, ina zama a bencin baya. Ban ga guduma ba, ban ji lauya yana daka tsawa ba. Lissafi ake yi a natse. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashin mamaci, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar, sannan a zo kan magada. Matan mamaci mai 'ya'ya tumuni ɗaya, wato kashi ɗaya cikin takwas, suke rabawa tsakaninsu, ko su huɗu ne. Namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Da na ba wani malami labarina bayan an tashi, tun kafin in kai tsakiya ya tsayar da ni: in mamaci ya bar ɗa namiji, ƙanensa ba shi da ko taro a gadon. Ashe tushen da na ɗora fim ɗin a kai babu shi.

Abin da na riƙa gani yana kawo baffanni kotu daban ne: gonar da uba ya bari ba a taɓa rabawa ba, wa da ƙane suna noma tare, sai wan ya rasu 'ya'yansa su ɗauka duka tasu ce. Nan ne labari yake, don kowa yana da gaskiyarsa.

Na sake rubutu daga farko. Baffan ya shekara 30 yana noma gonar, shaidarsa ɗaya, kuma a mazhabar Malikiyya shaida ɗaya da rantsuwa sun isa a kan dukiya. Alƙali ya ce ya yi alwala. Ya yi, ya dawo, ya dubi 'ya'yan ɗan'uwansa, ya ce, "Allah ya gafarta malam, na bar masu."

Furodusa ya yi ta ja da ni, ya ce mutane muguntarsa suke saye. Ta fuskar kasuwa bai yi ƙarya ba, masu kallon wannan a YouTube ba su kai na biyun farko ba. Amma yanzu ba na rubuta wurin da ƙafata ba ta taka ba, kuma kafin in ba ɗan wasa rawa sai na zauna na ji ta bakinsa.

A wani tsohon zaure a Daura muka ɗauki fitowar rantsuwar, sau ɗaya tak. Da aka kashe kyamara Baba bai tashi daga tabarma ba. Can ya kira ni, ya miƙo mini wayarsa, ya ce in tura masa wannan wurin kawai, zai kai wa ɗiyarsa ta gani.