Taron jin ra'ayi a kan fadamar Hadejia-Nguru

Jiya na halarci wani zama da aka kira don jin ra'ayin jama'a kan dokar kare tsuntsaye da kifin fadamarmu. Jami'an sun iso da takarda an riga an buga ta da Turanci, saura sa hannu kawai. To, ra'ayin wa ake nema kuma?

Sai wani dattijo masunci ya miƙe. "Ranka ya daɗe," in ji shi, "kafin ku hana mu kamun kifi, ku fara duba kachalla." Wallahi ɗakin ya yi tsit. Ya bayyana yadda tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da komawa a lokacinsa. Kachalla, wato doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa, kwale-kwale ba ya wucewa, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu wurin kwana, da asuba su faɗa gonakin shinkafa.

Ba wanda ke ƙin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a gandun tsuntsaye na Dagona. Tun 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, mun sani, muna alfahari da hakan. Amma makiyayan da dabbobinsu ke kiwo a fadamar da rani ba a ma gayyace su ba, mata masu ƙyafe kifi ko ɗaya babu a ɗakin.

An ce za a dawo bayan damina. Na roƙi a fassara takardar zuwa Hausa kafin nan, a karanta ta a rediyo.