Kwanso ya taru, kayan ɗuri babu

A nan Amurka, maharba da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi. Tarawa suke, su sake ɗura shi a gida, don ya fi sauƙin kuɗi. Ni ma na shiga sahu a 2020, ashe lokacin bai yi ba.

Na yi odar na'urar ɗuri daga wani shago, suka karɓi kuɗi, sai saƙon ban haƙuri wata bayan wata. Da ta iso kuma, albarushi ya yi wuya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne firaima, ɗan mitsitsin abin nan na gindin kwanso mai tayar da wuta. Kamfanoni huɗu ne manyan masu yin sa a ƙasar: CCI, Federal, Winchester da Remington. Remington ya karye a shekarar, ga korona, ga zaɓe, jama'a suka yi wa bindigogi wawa. Kamfanonin suka riƙe firaimar don harsasan da suke sayarwa. Ban ga laifinsu ba, can ribar take.

Masu ɓoye kaya su ninka farashi ne dai ban yafe wa ba. Kakar farautar barewa ta wuce, na'urar tana cikin kwalinta.